Badaru Mai Hoto da Rumbunsa Biyu

Duk wanda ya taɓa bi ta hanyar Kusugu a shekarun nan ya san shagon Badaru mai hoto, ko bai shiga ba ya ji muryarsa. Mutum ne siriri, mai dogon wuya, wanda Allah bai hore masa magana a hankali ba. Idan ka zauna zai ɗauke ka, sai ya daka maka tsawa ka ɗaga haɓa, ya sake daka maka ka rufe baki, ka fito da hoto mai kyau da zuciya a ɓace. Mutane suna zaginsa a bayan ido, gobe kuma su koma, don a Daura babu mai hannunsa.

Ya fara sana'ar tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu, yana yawo da kyamara a wuya yana tarar baƙin da suka zo ganin rijiya. Da aka ƙaddamar da shari'a a shekara ta dubu biyu, kasuwarsa ta ɗan yi sanyi, don wasu sun tashi haiƙan suna cewa hoto haram ne. Badaru ko a jikinsa. Ya ce duk mai son zuwa Makka sai ya zauna a kan kujerar nan tasa an ɗauke shi, kuma haka aka yi ta yi.

Abin da ya tsana fiye da komai a duniya shi ne aro, kuma gaskiya a nan ba a ga laifinsa ba. An ari tsaninsa ya dawo babu matakala biyu. An ari janaretonsa don suna, ya dawo yana tari. Labulen da yake ratayawa a bayan mutane, mai zanen fure da ƙorama, wata maƙwabciya ta ara don biki, ya dawo da tabon miyar kuka daidai inda kan mutum yake tsayawa. Daga nan ya rantse ya maya, kuma ya riƙe rantsuwar. Ko almakashi ka roƙa, zai dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka ko kasuwa ta ƙone ne.

Mutum ɗaya ne kawai bai iya yi wa haka ba: surukinsa, Alhaji Maiturare na Sandamu, manomi kuma dillalin shanu, wanda yake cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan hoto. Yadda aka yi har ya ba Badaru 'yarsa Raihana, wannan aikin Raihana ne da mahaifiyarta Hajiya Larai, shi dai Alhaji an ci ƙarfinsa ne, kuma bai taɓa yafewa ba. Shekara shida suka yi da aure. Raihana ce kaɗai take iya cewa Badaru ya yi shiru ya kuma yi. Ta rasu bayan gajeriyar jinya, ta bar 'ya ɗaya, Amatullah, tana shekara huɗu.

Riƙon yarinya ya koma hannun kakarta ta wajen uwa, kamar yadda shari'a ta tsara, wato gidan Alhaji. Badaru bai ja ba, don ba shi da abin ja. Ranar da aka zo kwashe kayan ɗakin mamaciya, Alhaji ya sa aka sauke duk hotunanta daga bango, aka haɗa da album ɗin biki, aka tafi da su Sandamu. Daga baya aka ji a murhu suka ƙare. Badaru ya ji, ya haɗiye, don idan ya buɗe baki ƙofar ganin 'yarsa ce za ta rufe.

Abin da Alhaji bai sani ba, Raihana tana nan a cikin kwamfutar shago. Hotuna ɗari da wani abu, da kuma bidiyo guda na minti uku: tana zaune a tsakar gida tana yi wa Amatullah wanka a roba, yarinyar tana fantsala mata ruwa, ita kuma tana dariya tana cewa, “Badaru, don Allah kashe abin nan, ɗankwalina ya zame.” Bai sake buga ko ɗaya a takarda ba, don ya ga yadda gara ta cinye masa kwali guda na tsofaffin hotuna, ya kuma ga yadda wuta ta cinye sauran. A waya kuwa ko kusa. Ya san yadda waya take yawo hannu zuwa hannu a majalisa, kafin ka ankara matarka tana wayar ɗan acaɓa a Mashi.

Duk Sallah, ƙarama da babba, ana kawo masa Amatullah ta wuni. Sai ya rufe shago, ya ɗora ta a kujerar ɗaukar hoto, ya kunna mata minti ukun nan. Da farko kallo kawai take yi. Da ta girma sai ta haddace, tana faɗin maganar uwar tare da ita. Abin da ta sani na mahaifiyarta ke nan, babu ƙari.

Amatullah tana shekara goma kwamfutar ta fara wani ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, duk lokacin da aka kunna ta. Dole ta sa Badaru ya aika a kira Nu'uman, ɗan goggonsa, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha. Taubasai ne, amma wasan nasu ya daɗe da yin tsami, tun ranar da Badaru ya hana shi aron babur zai kai matarsa awo.

Nu'uman ya kasa kunne, ya buɗe murfi, ya nuna wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin tafin hannu. Ya ce wannan shi ne rumbun da kwamfuta take adana komai a ciki, kuma ya kusa mutuwa. Zai sa sabo ya kwashe komai ya mayar. Amma rumbu ɗaya ganganci ne, dole a sami na biyu da za a riƙa ajiye kwafi.

“Iri biyu ne,” in ji shi. “Akwai na ciki, a ɗaure shi da ƙusa kusa da ɗan'uwansa. Ya fi sauri, ba ka ɗauka ba ka ajiyewa, ba ya faɗuwa ƙasa. Akwai kuma na waje, kamar sabulu girmansa, ka jona da waya, ka kwafa, ka zare, ka kai gida ka sa a ƙasan akwati. Ni na waje nake ba ka shawara.”

“Saboda shi ne ya yi maka kwantai a shago.”

“Saboda na ciki, duk abin da ya sami kwamfutar ya same su tare. Wuta ta kawo da ƙarfi, su biyun. Ɓarawo ya shigo, su biyun. Ruwa ya zubo, su biyun.”

Badaru ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce shekara ashirin da huɗu yana shagon nan ɓarawo bai taɓa shiga ba, amma masu aro kullum sai sun shigo. Abin da zai shiga aljihu, a garin nan, ai ba naka ba ne. Yau wani zai ce a ba shi ya kwafi wa'azi, gobe wani zai zuba finafinan Indiya, jibi a ce yaro ya jefa shi a randa. “Ka ɗaure min shi a ciki, inda ba mai ganinsa balle ya roƙa.”

“To wa zai san kana da na wajen, in ka rufe bakinka?”

“Kai. Kai za ka sani, kuma in ka sani tasha ta sani.”

Nu'uman ya ajiye sukundireba a hankali. Ya ce shi an kira shi gyara ne, ba zagi ba. Ya ce ko duka biyun Badaru zai iya yi, na ciki da na waje, ba a hana ba. Badaru ya ce ai ya san ƙarshen zancen ke nan, a ɗora masa kaya biyu. Haka suka yi ta yi har mai shayin ƙofar shago ya leƙo. A ƙarshe Nu'uman ya ɗaure rumbun na biyu a ciki, ƙusa huɗu, ya murɗa su da ƙarfin haushi. Ya nuna masa yadda ake kwafa duk Juma'a, ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce ko kwamfutar ta kama da wuta kada a sake aika masa. Badaru ya ce Allah ya sa haka.

Wata bakwai abin yana tafiya lafiya lau, Badaru har yana ba da labari a majalisa yadda ya ƙure mai gyara. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya kwafa, ya buɗe rumbun na biyu ya ga Raihana tana nan, ya rufe.

Wata Laraba da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shagon. Alhaji Maiturare ne da kansa, mutumin da rabonsa da taka wurin tun hoton fasfonsa na Hajji. Tare da shi akwai ɗansa Abdulmuhaimin, ƙanen Raihana, wanda ya buɗe makarantar Islamiyya a Sandamu. A kujerar baya kuma Amatullah ce, tana ɗago wa ubanta hannu ta gilashi. Ba Sallah ba, ba komai ba, an kawo masa ita. Tun daga nan Badaru ya san da walakin zuwan.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida surukinsa kansa a ƙasa. Alhaji ya zauna a benci, ya tambayi kasuwa, ya tambayi damina. Abdulmuhaimin ne ya yi bayani. Masu duba makarantu za su zo ranar Asabar, kuma an ce suna son su ga makaranta tana da kwamfuta. A ɗora ta a tebur kawai, a lulluɓe da kyalle, in sun zo a kunna su gani. Kwana uku.

“Na ce masa ba sai an je wajen bare ba,” in ji Alhaji, yana duban bango. “Muna da ita a gida.”

A gida! Mutumin da ya ce sana'ar haram ce, yau kayan sana'ar sun zama na gida. Maganganu sun cika bakin Badaru har suna yi masa ɗaci. Ya yi tunanin ya ce a ba shi awa ɗaya a cire rumbu ɗaya tukuna. To wa zai cire? Shi bai san ko wace waya ake zarewa ba, wanda ya sani kuma sun yi baram-baram. Ko da ya iya, ya buɗe cikin kwamfuta a gaban surukinsa yana ciro abu yana ɓoyewa, ai ya kira shi ɓarawo ke nan a fili. Ya ɗaga ido ya hango yarinyar a mota tana hura gilashi tana zane da yatsa.

“Ba komai, Baba,” ya ce. “Ai taku ce.”

Shi da kansa ya naɗe wayoyin, shi ya kai ta but ɗin mota, ya rubuta wa Abdulmuhaimin lambar buɗewa a takarda. Ya ja shi gefe ya ce don Allah don Annabi kada a taɓa komai a ciki. Abdulmuhaimin ya ce haba Yaya, kamar wani yaro. Mutumin da ya hana almakashi, ya ba da rumbu biyu a lokaci ɗaya har da godiya, mai shayi yana kallo.

Kwana uku suka zama tara. Badaru ya koma buga hotuna a shagon wani yana shan habaici. Bai iya aika tambaya ba, don tambayar kayan aro a wajen suruki wani abin kunyar ne. Ranar ta tara Abdulmuhaimin ya kawo ta, an goge ta tas, har an ɗinka mata riga da yadi mai ruwan toka.

Ya kunna. Ta tashi da sauri fiye da da. Fuskar ta canza. Ya shiga inda yake ajiye hotuna, babu. Ya shiga rumbun na biyu, ya tarar da shi cike maƙil da karatu da darussan makaranta, jere-jere.

“Nauyi ta yi, Yaya,” in ji Abdulmuhaimin, yana kallon takalminsa. “Kuma ga hotunan mata ba lulluɓi, ga ɗalibai. Sai aka kai ta aka wanke, aka goge komai na ciki. Mai wankin ya ce ya ga wani rumbun a ciki, abu ɗaya ne da na farkon, shi ma aka haɗa.”

Badaru bai zage shi ba, abin da ya ba mai shayi tsoro ke nan. Ya ɗauki kwamfutar da rigarta, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi tasha.

Nu'uman ya gan shi tun daga nesa, ya gyara zama. Ya daɗe yana jiran ranar nan, kuma bai yi niyyar ya bar ta ta wuce a banza ba. “A'a, yau kuma wa nake gani? Wuta ce, ko ɓarawo, ko ruwa?”

“Aro,” in ji Badaru.

Nu'uman ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya dubi fuskar mutumin ya fasa. Kwana biyu ya yi yana tono. Ya ce da gogewa kawai suka yi da ya ciro kusan komai, amma sun zuba sabon kaya a kan tsohon, kuma abin da aka danne ya tafi. Abin da ya samu: hotunan fasfo na wasu mutanen Mashi su goma sha ɗaya, da rabin hoton wani ango, daga ƙirji zuwa ƙasa. Na Raihana ko ɗaya. Da Badaru zai tafi, Nu'uman ya ce, ba tare da ya dube shi ba, “Da ka kira ni ranar, da na zo.” Badaru ya ce ya riƙe alherinsa.

Daga tasha Sandamu ya wuce. Ya sami Alhaji a zaure a kan buzu, yana jan carbi. Badaru ya shiga da takalminsa, ya tsaya a tsaye, ya dubi surukinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha biyu.

“Alhaji, nauyi kwamfutar ta yi, ko kai ka sa?”

Alhaji bai yi ko gezau ba. “Ni na sa.”

“Na bango ka ƙona, na yi shiru. Wannan a shagona yake, ba a gidanka ba. Aro ka zo, na ba ka don kunya. Abin da ya rage wa yarinyar nan na uwarta ke nan.”

“'Yata ce kafin ta zama matarka,” in ji Alhaji. “Na binne ta sau ɗaya da hannuna. Ba zan yarda kana tono min ita duk Sallah kana nuna ta kai ba ɗankwali ba. Addu'a take buƙata, ba kallo ba. In ka gama, ƙofa tana bayanka.”

Badaru ya ce Allah ya isa tsakaninsu, ya faɗa sau biyu don na cikin gida su ji. Ya fito yana haki, ya nufi babur. Abin da yake ta juyawa a ransa shi ne, wa ya gaya wa tsohon? Wurin da ya ɓoye bidiyon, ko Abdulmuhaimin ba zai gano shi da lalube ba. Zuciyarsa ta tafi kai tsaye kan Nu'uman, har ya fara shirya abin da zai gaya masa.

“Abba.”

Amatullah ce, ta fito ta ƙofar baya da hijabin makaranta, babu takalmi. Ta tsaya nesa kaɗan tana murza gefen hijabin.

“Abba, da aka kawo ta, a ɗakin Hajiya aka fara ajiyewa. Hajiya ta ce ita ta manta muryar Umma. Sai na ce mata ai na san inda take.” Ta ƙara murza gefen hijabin. “Sau uku ta kalla. Tana kuka tana dariya. Ana na huɗun Alhaji ya shigo.”

Badaru ya jingina da babur.

“Kawu ya ce an goge. Da gaske ne? Har ɗayan da kake kwafawa ranar Juma'a?”

“Har shi.”

Sannan ta tambayi abin da ya fito da ita. “Ni na jawo, ko?”

Shekara hamsin da ɗaya Badaru ya yi a duniya, kuma babu mai iya tuna ranar da ya ce shi ne da laifi, ko a kan ƙaramin abu. Ga Alhaji a zaure, taku goma, wanda zai iya ɗora wa komai, kuma ya cancanta. Amma yarinyar a gidan za ta kwana, a gidan za ta tashi, tsohon ne zai ci gaba da zama a kanta. Ya durƙusa a kan ƙasa har fuskarsa ta zo daidai da tata.

“Ba ke ba ce. Baffanki Nu'uman ya ce in ajiye ɗaya a gida, a ƙasan akwati. Ya faɗa min sau uku, na zage shi na kore shi. Da na ji maganarsa, da ko sau ɗari aka goge wannan, Ummanki tana nan. Ni ne, kin ji? Duk wanda ya tambaye ki, ki ce taurin kan ubanki ne.”

Ta dube shi ta daɗe, tana neman ƙarya a fuskarsa, ba ta samu ba, don babu. Sai ta ja baya taku ɗaya.

“To me ya sa ba ka ji ba?”

Daga cikin gida aka ƙwala mata kira. Ta juya ta shiga, ba ta yi masa sallama ba.